Allurar Barci A Wajen Ɗakin Tiyata

Ba a ɗakin tiyata kaɗai ake sa majinyaci barci ba. Ana yin haka a ɗakin hoton MRI, musamman ga yaran da ba sa iya kwanciya cik, da wajen zura kyamara ta maƙogwaro domin duba ciki, da kuma wajen likitan haƙori. Magungunan da aka fi sani su ne propofol da midazolam da ketamine.

Babban haɗarin yana ga numfashi. Adadin da ya sa wani gyangyaɗi kawai yana iya tsayar da numfashin wani. Shi ya sa ƙa'ida ta tanadi a ware ma'aikaci guda wanda ba shi da aiki sai lura da majinyaci, tare da na'urar auna oksijin a yatsa, da tukunyar oksijin, da injin zuƙe amai. A ɗakin MRI kuwa, maganaɗisu yana fizgar tukunyar ƙarfe, sai dai wadda aka ƙera domin wurin. Propofol ɗin nan ne ya yi ajalin mawaƙin Amurka Michael Jackson a shekarar 2009, bayan da likitansa ya ba shi a gida ba tare da cikakkun kayan sa ido ba.

Majinyaci ma yana da nasa nauyin. Ya daina cin abinci awa 6 kafin lokacin, ruwa zalla kuma awa 2, domin kada amai ya gangara huhu. Kunu da koko abinci ne, abin da mutane da dama ke mantawa. Bayan an sallame shi, wani ya raka shi gida, kada kuma ya tuƙa mota sai bayan awa 24.