Kwana ashirin a cikin yashi: tarihin jiran da ake yi kafin a zuba kifi

Shekara uku da suka wuce na sayi akwatin gilashi mai cin lita 60 don ajina na CM2. Ran Litinin muka zuba yashi, muka dasa ciyawar ruwa, muka cika shi. Ran Talata na kawo ƴan karfasa takwas. Kafin sati biyu shida sun mutu, ruwan kuwa garau kamar na sha. Wata yarinya ta ce mini, "Malam, mu ne muka kashe su?" Ranar ban da amsa. Neman amsar ne ya kai ni ga tarihin wannan akwati, na kuma tarar ba ni ne farkon wanda ruwa mai haske ya yaudara ba.

A 1850 wani masanin sinadarai na Ingila, Robert Warington, ya ba da labarin gwajinsa a Landan. Ya sa jajayen kifin ado biyu da wata ciyawar ruwa cikin tulun gilashi. Da tsofaffin ganye suka ruɓe ruwa ya gurɓace, sai ya ƙara katantanwa su cinye ruɓaɓɓen. Ruwa ya washe, kifi suka rayu wata da watanni ba a canja ruwa ba. Ya fassara abin da cewa ciyawa na ba kifi iska, kifi na ciyar da ciyawa, katantanwa na shara. A 1853 gidan namun daji na Landan ya buɗe ɗakin kifi ga jama'a, a 1854 Philip Gosse ya fitar da littafinsa kan akwatin kifi, abin ya zama yayi a gidajen Ingila.

Bayanin Warington gaskiya ne, amma akwai ma'aikatan da bai lissafa ba, domin ido ba ya ganinsu. Abin mamaki, ba masu kiwon kifi suka gano su ba, masu binciken ruwan ƙazanta ne. A 1877 Faransawa biyu, Schloesing da Müntz, suka cika dogon bututun gilashi da yashi da farar ƙasa, suna tsiyaya ruwan kwatamin Paris a ciki kullum. Kwana ashirin amoniya na shiga tana fita yadda take. Bayan nan sai ta fara ɓacewa, nitirat ya bayyana a madadinta. Suka ce, in da yashi ne ke wannan aiki, me zai sa ya jira kwana ashirin? Suka sa kulorofom, aiki ya tsaya cik. Suka zuba ruwan da aka dama da ƙasar lambu, ya dawo. Ke nan abu mai rai ne, kuma sai ya hayayyafa tukuna.

Ɗan Warington, shi ma Robert, ya ci gaba da binciken a Rothamsted, ya nuna aikin hawa biyu ne: amoniya ta koma nitirit, nitirit ya koma nitirat. Uba ya kafa akwati, ɗa ya gano abin da ke riƙe da shi. A 1890 Sergei Winogradsky, mutumin Rasha mai aiki a Zurich, ya ware ƙwayoyin bakteriyar da kansu.

To, ga abin da ya faru a ajina. Kifi na fitar da amoniya ta wurin numfashinsa, ragowar abinci na ƙara ta. Sabon akwati ba shi da bakteriyar da za ta sarrafa ta, ga zafin Afrilu, amoniya kuwa ta fi dafi a ruwa mai ɗumi. Wanda ya tsallake wannan sai nitirit ya hana jininsa ɗaukar iska. Ciyawa na shan wani kaso na amoniya, amma wadda aka dasa jiya ba ta ma kama ba. Yara kuma, don ƙauna, kowa na jefa abinci a ɓoye.

Shi ya sa masu kiwo ke barin sabon akwati sati huɗu zuwa shida ba kifi, matatar ruwa na aiki, ana jefa ɗan tsunkulen abinci kullum ya ruɓe ya ciyar da bakteriya. Ruwan famfo a cire masa kulorin tukuna, domin yana kashe su. Soson tsohuwar matata mai lafiya yana rage jiran, dabarar ƙasar lambu ce ta 1877. Mai abin gwaji ya jira amoniya da nitirit su sauka sifili, sannan ya sa kifi kaɗan-kaɗan. Iyayen da ke zuba jari a kiwon tarwaɗa cikin tanki mai matata su ma wannan lissafin ya shafe su, kuma asararsu ta fi tawa nesa ba kusa ba.

Bana mun sake kafa akwatin, da kainuwa a samansa. A kusurwar allo muna rubuta kwanaki. Wani uba ya leƙo ya ce, "Malam, kuɗin kifin ne ya ƙare?" Ɗansa ya riga ni amsawa, ya ce masa akwai masu aiki a cikin yashi, ba su gama ba. Yau kwana 23.