Satoshi Kirishima: Mutumin da Japan ta Nema Shekara 49

Kusan rabin ƙarni, da wuya a shiga tashar jirgin ƙasa ko ofishin 'yan sanda a Japan ba a ga hotonsa a bango ba: saurayi mai dogon gashi da tabarau mai baƙin baki, yana murmushi. Sunansa Satoshi Kirishima, haifaffen yankin Hiroshima a 1954.

Lokacin da ya je Tokyo karatu a Jami'ar Meiji Gakuin, guguwar zanga-zangar ɗalibai ta shekarun 1960 ta riga ta lafa. Yawancin masu ita sun koma neman abinci, 'yan tsirarun da suka rage kuwa suka ƙara zafi. Daga cikinsu aka sami wata ƙungiya da ta ɗauki makami a kan ƙasarta. Hujjarta ita ce manyan kamfanonin Japan sun yi arziki da gumin Koriyawa da Sinawa da aka sa aikin dole lokacin yaƙi, kuma ba su daina tatsar Asiya ba. Ƙorafin yana da tushe a tarihi. Amma waɗanda bam ɗin ƙungiyar ya kashe a hedikwatar Mitsubishi Heavy Industries ranar 30 ga Agusta, 1974, mutum 8 ne, ma'aikata da masu wucewa, ba su suka mulki Koriya ba. Wani reshe mai suna Kyarkeci ne ya kai wannan harin. Kirishima yana reshen Kunama, kuma an neme shi ne kan bam ɗin da aka tayar a wata cibiyar nazarin tattalin arzikin Koriya a unguwar Ginza, cikin Afrilun 1975. A watan Mayu aka yi wa manyan ƙungiyar kamun kazar kuku, shi kuwa ya sulale.

Bai tsallaka teku ba. A Fujisawa ya zauna, garin da bai fi tafiyar awa ɗaya daga Tokyo ba, yana aiki a wani kamfanin gine-gine da sunan Hiroshi Uchida. A hannu yake karɓar albashinsa. Ba shi da asusun banki, ba lasisin tuƙi, ba katin inshorar lafiya, domin kowannensu zai nemi sunan gaskiya. Da dare yakan leƙa wani gidan kiɗa, inda aka san shi mutum mai fara'a. Wanda yake ganin ya ci riba, ya tuna cewa ko gaisuwar mutuwar danginsa ba ta yiwu masa ba.

Ciwon dajin ciki ne ya kawo ƙarshen ɓuyan. A Janairun 2024, yana kwance a wani asibiti a Kamakura, ya faɗa wa ma'aikata ko shi wane ne, ya ce yana so ya mutu da sunansa. Ya rasu ranar 29 ga watan, yana da shekara 70, gwajin ƙwayar halitta kuma ya tabbatar da maganarsa daga baya. Abin da ya fi ci mini rai shi ne bai taɓa tsayawa gaban alƙali ba: masu gabatar da ƙara sun rufe shari'ar saboda wanda ake tuhuma ya rasu.