Shanyewar jiki iri-iri ce: yadda ake gane inda cutar ta taɓa

A bakin jama'a, duk wanda hannunsa ko ƙafarsa ta daina aiki, cewa ake yi ya shanye. A ɗakin gashin ƙashi kuwa, tambayar farko ita ce ina lahanin yake: ƙwaƙwalwa, laka, ko jijiyoyin da suka fito daga laka zuwa tsoka? Amsar ce ke fayyace magani da irin sauƙin da za a sa rai da shi.

Ma'aunin farko shi ne yanayin tsoka. Idan lahanin yana ƙwaƙwalwa ko a hanyoyin saƙo na cikin laka, gaɓar kan sandare bayan ɗan lokaci, ta riƙa turjewa idan an so miƙe ta. Idan kuwa jijiyar da ke kai wa tsoka saƙo ce ta mutu, gaɓar kan saki, ta yi laƙwas, ta rame.

Shanyewar ɓarin jiki kan zo farat ɗaya: baki ya karkace, hannu ya faɗi, harshe ya sarƙe. Musabbabinta toshewar jijiyar jini ce a ƙwaƙwalwa ko fashewarta, kuma hawan jini ne kan gaba wajen jawo ta. Da yake hanyoyin saƙo suna gittawa a gindin ƙwaƙwalwa, rauni a ɓangaren hagu yakan shanye ɓarin dama, sau da yawa har da magana. Hoton ƙwaƙwalwa ne ke raba toshewa da fashewa, kuma maganin narkar da gudan jini yana amfani ne cikin awa huɗu da rabi na farko. Yara masu sikila ma tana kama su.

Cutar Parkinson, wadda likitan Ingila James Parkinson ya siffanta a 1817, sannu a hankali take shiga. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu samar da sinadarin dofamin ne ke mutuwa. Hannu na karkarwa lokacin da yake hutawa, motsi ya yi nauyi, taku ya gajarta, fuska ta daskare. Maganin levodopa yana sassauta alamun, motsa jiki kuma yana rage faɗuwa.

Akwai kuma yaron da ya makara wajen tsai da wuya, zama ko tafiya, gaɓoɓinsa a sandare. Sau da yawa ƙwaƙwalwarsa ce ta sami rauni tun tana girma, sanadin doguwar naƙuda, shawara mai tsanani bayan haihuwa, ko sanƙarau. Raunin ba ya ƙaruwa, amma gaɓoɓi kan ƙage idan ba a fara atisaye da wuri ba.

Raunin laka, wanda haɗarin mota, faɗowa daga sama ko tarin fuka na ƙashin baya ke haddasawa, yana da iyaka bayyananna: daga inda aka ji ciwon zuwa ƙasa motsi da jin taɓi su ragu ko su ɗauke, riƙe fitsari ya gagara. Gyambon kwanciya da ciwon mafitsara su ne manyan abokan gabar irin wannan majinyaci.

Shan inna kuwa ƙafa ce laƙwas, ramammiya, amma jin taɓi yana nan. An ga ƙwayar cutar ta asali karo na ƙarshe a Najeriya a Borno cikin 2016, aka ayyana Afirka ta rabu da ita a Agustan 2020, sai dai waɗanda ta nakasa suna nan suna buƙatar takalmin ƙarfe da keken guragu. Allurar da aka soka ba daidai ba a ɗuwawun yaro ma kan taɓa babbar jijiyar ƙafa, tafin ya riƙa reto.

Jingina waɗannan alamu ga iska ko sammu yana cinye makonnin farko, lokacin da ƙwaƙwalwa ta fi saurin koyon sabuwar hanya. Dokar hana nuna wa nakasassu wariya da aka sanya wa hannu a Janairun 2019 ta tanadi haƙƙinsu na kula da lafiya, amma ƙwararrun gashin ƙashi sun fi taruwa a manyan asibitocin birane. Abin da ya kamata a tambayi ’yan majalisar jiha lokacin kasafin kuɗi shi ne: asibitoci nawa ne a ƙananan hukumomi ke da ma'aikacin da zai iya bambance waɗannan cututtuka?