Shan mai a babur: Girman inji da hannun matuƙi

Tun bayan janye tallafin man fetur a Najeriya a watan Mayun 2023, lissafin kowace lita ya zama wajibi ga 'yan acaɓa a Gwiwa da Roni da Kazaure, a jihar Jigawa.

Injin Bajaj Boxer da suka saba hawa cc 100 ne, yayin da na manyan baburan Harley-Davidson na Amurka kan haura cc 1,700, don haka sun fi shan mai.

Sai dai hannun matuƙi ma yana da tasiri. Idan aka ninka gudu, turjiyar iska kan ninku sau huɗu.

Fizgar totur, yawan taka birki, lodi fiye da kima, ƙarancin iskar taya da ratsa yashi duk suna ƙona mai.

Matsakaicin gudu a babban giya ya fi tsimin mai, komai girman babur.