Gasar Jan Tirelar Nauyi da A-kori-kura Mai Ja da Tayoyin Baya

Gasar jan nauyi da a-kori-kura wasan motoci ne da ya tsiro a yankunan noma na tsakiyar Amurka. Ana ɗaura wa mota wata tirela ta musamman da gajeriyar sarƙa, ta ja ta a kan filin ƙasa da aka daddaɓe, wanda tsawonsa a al'ada ƙafa 300 ne, wato kimanin mita 91. Ba ruwan alƙalai da agogo: wanda ya kai tirelar mafi nisa shi ya ci. An ƙera tirelar ta yadda kowane taku zai fi na baya wuya, har ta tsayar da motar cik. Wasan yana da rukunoni da yawa, na taraktoci da na manyan motoci da na ƙanana, amma wanda ya fi ɗaukar idon 'yan kallo shi ne na a-kori-kurar da tayoyinta na baya biyu kaɗai ke ja, domin ita ce ke ɗaga goshi sama ta yi tafiyar a kan ƙafa biyu.

Daga dawaki zuwa tarakta

Tushen abin gardamar manoma ce. Tun a ƙarni na 19, lokacin da dawaki ke jan garma a Amurka, manomi kan cika baki cewa dawakinsa sun fi na maƙwabcinsa ƙarfi. Sai a shimfiɗa faffaɗan katako a ƙasa, a lafta masa duwatsu ko mutane su hau, a ɗaura wa dawaki su ja. Har yau ana gasar jan nauyi da dawaki a bukukuwan baje kolin amfanin gona na gundumomi.

Da tarakta ta karɓe aikin doki a gona, sai ta gaji gardamar ma. Ana danganta gasa ta farko da aka yi da injina da shekarar 1929, a jihohin Ohayo da Misuri. Amma sai a shekarun 1950 da 1960 abin ya bazu sosai, kuma ya bazu ne ba tsari: kowace gunduma da dokarta, tarakta ɗaya ta halatta a wannan gari ta haramta a na gaba. Wannan ne ya sa wakilan jihohi takwas suka zauna a 1969 suka kafa ƙungiyar National Tractor Pullers Association, wadda aka fi sani da NTPA, don a daidaita dokokin nauyi da na tsaron lafiya. Kafin nan da shekara biyu, a 1967, an fara babbar gasar garin Bowling Green na jihar Ohayo, sannan a 1969 aka fara ta cikin zaure a birnin Louisville na jihar Kentaki.

Tirelar da ke ƙara wa kanta nauyi

Ba za a gane wasan ba sai an gane tirelar, don ita ce abokiyar hamayya ta gaskiya. A farkon zamani hanya biyu ake bi. Ko dai a ɗora nauyi tsayayye a ga wanda zai iya motsa shi, ko kuma a jera mutane a gefen fili, duk inda abin jan ya iso sai na wurin ya taka ya hau. Hanya ta biyu ta fi armashi, sai dai tana da aibi biyu: nauyin mutane ba ɗaya ba ne, kuma da taraktoci suka ƙara gudu, hawa abin da ke tafe a guje ya zama kasada da rai.

Daga ƙarshen shekarun 1960 aka koma ga tirelar da ake amfani da irinta a yau. Tana da tayoyi a baya, a gaba kuma faffaɗan farantin ƙarfe ne ke kwance a ƙasa. A samanta akwai akwati cike da tubalan ƙarfe, yana zaune a kan dogo. Lokacin tashi akwatin yana can baya a kan tayoyi, don haka jan yana da sauƙi. Tayoyin tirelar suna haɗe da akwatin ta hanyar giya, saboda haka da zarar sun fara juyawa sai akwatin ya riƙa tahowa gaba. Yana tahowa, nauyin yana barin tayoyi yana komawa kan farantin, farantin yana nutsewa yana tara ƙasa a gabansa. Manyan tirelolin kan kai kusan tan 29 idan an cika su. Akwai mai kula da tirelar da ke zaune a bayanta, kuma shi ke saita nauyi da saurin tahowar akwatin gwargwadon rukunin da za a yi. Gwanintarsa ita ce ya saita ta yadda mota ɗaya ko biyu ne kawai za su kai ƙarshen fili. Idan da yawa suka kai, sai a ƙara nauyi su sake karawa a tsakaninsu.

Shigowar a-kori-kura

Shekarun 1970 zamanin hauka ne a wannan wasa, a ma'ana mai kyau. 'Yan'uwa biyu, Carl da Paul Bosse na garin Ada a Ohayo, suka fito da dabarar haɗa injinan mota fiye da ɗaya su juya sanda guda. Wasu suka kwaso injinan Allison na jiragen yaƙin duniya na biyu suka ɗora a kan taraktoci. Art Arfons, wanda ya taɓa riƙe kambun gudun mota a doron ƙasa, ya shigo da injin jirgin sama mai farfela a ciki. Tarakta ta yi nisa da gona ƙwarai.

A-kori-kura kuwa ita ce motar da kowane manomi ya zo filin da ita, don haka ba abin mamaki ba ne da masu ita suka ce su ma a ɗaura musu sarƙar. NTPA ta buɗe rukunin masu ja da tayoyi huɗu a 1976. Masu ja da tayoyin baya kaɗai sai da suka jira har 1983. Zamanin ya yi musu daidai, domin a lokacin kamfanonin shirya wasanni irin su USHRA suna kai gasar jan nauyi manyan filayen ƙwallo masu rufi, gidajen talabijin suna nunawa. A irin waɗannan taruka ne motar nan mai ƙattin tayoyi, Bigfoot ta Bob Chandler, ta yi suna da tattake tsofaffin motoci a matsayin nishaɗin tsakiyar wasa, kafin irinta su ɓalle su zama wasa mai zaman kansa. Masu shirya taro suna neman abin da zai sa jama'a su miƙe tsaye, kuma motar da ke tafe goshi a sama, wuta na fita daga salansa, ta biya musu buƙata.

Masu ƙira na farko sun ara da yawa daga wasan tseren gajeren zango. Daga can suka ɗauko injin V8 irin na Hemi, da na'urar cusa iska da bel ke juyawa a saman inji, da man metanol maimakon fetur, da bodin da ake ɗagawa gaba ɗaya a ga inji. An ga bodin tsohuwar Ford Model T, an ga na a-kori-kurar shekarun 1930 da 1940, daga baya aka ga na Chevrolet S-10 da Ford Ranger da Dodge Dakota. A gaskiya, a babban mataki sunan a-kori-kura kawai ya rage. Abin da ke ƙarƙashi firam ne da aka yi waldarsa musamman, bodin kuwa sau da yawa kwanso ne marar nauyi da aka zuba a siffar mota.

Abin da ke ɗaga goshin motar

Dokokin babban rukunin masu ja da tayoyin baya sun daɗe a kan 'yan lambobi kaɗan. Nauyin mota da direbanta kada ya wuce laba 6,200, kimanin kilo 2,800. Girman inji kada ya wuce inci 575 na kubik, wato wajen lita 9.4. Daga tsakiyar tayoyin baya zuwa ƙarshen goshi kada ya wuce ƙafa 15. Ƙugiyar da ake maƙala sarƙa kada ta fi inci 30 daga ƙasa. Injinan kan ba da ƙarfin doki sama da 2,000, wasu fiye da haka nesa ba kusa ba.

Duk wannan ƙarfi ta tayoyi biyu zai bi ya isa ƙasa, kuma nan ne wasan yake. Sarƙar tana tasowa ne daga ƙasan tirela zuwa ƙugiyar da ke sama da ita, don haka tana jan bayan motar baya da kuma ƙasa a lokaci guda. Wannan yana danne tayoyin baya su kama ƙasa, abin da ake so ke nan. Amma yana kuma ɗaga gaba, kamar amalanken da aka lafta wa buhuna a can ƙarshen baya. Motar da ke ja da tayoyi huɗu tana asara idan gabanta ya tashi, tunda rabin tayoyinta sun daina aiki. Shi ya sa masu ita ke rataya ƙarafa a gaban bamba. Mai ja da baya kuwa duk kilon da ya zauna a kan tayoyin gaba kilo ne da bai yi mata aikin komai ba. Abin da take nema shi ne tayoyin gaba su ɗan rabu da ƙasa, nauyin motar duka ya koma kan masu ja.

Kalmar "ɗan" ɗin ita ce wahalar. Idan goshi ya yi sama fiye da kima, ƙugiyar da ke bayan tayoyi sai ta sunkuya, kusurwar sarƙa ta lalace, dannawar ta ragu, motar ta hau tsalle-tsalle. Idan aka cika nauyi a gaba, tayoyin baya su yi ta juyawa a banza suna watsa ƙasa. Don haka kafin a kira mota za a ga makanikai suna zagaya fili suna murza ƙasar da hannu, suna duba danshinta, sannan su koma su matsar da 'yan tubalan ƙarfe gaba ko baya, su rage iskar taya ko su ƙara, su canza giya. Filin da aka fara wasa a kansa da yamma ba shi ne filin tsakar dare ba, bayan motoci talatin sun haƙe shi an sake daddaɓewa.

Akwai kuma batun tuƙi. Tayoyin gaba suna sama, sitiyari ba shi da amfani. Direba yana da birki biyu, ɗaya na tayar hagu ɗaya na dama, da su yake karkata motar. Kowane taɓa birki kuwa yana cin nisa, sannan wanda ya taka layin gefe an soke jansa. Duk abin bai fi 'yan daƙiƙoƙi ba, tsakanin koriyar tuta da jar tuta, kuma sau da yawa inci kaɗan ne ke raba na ɗaya da na biyu. A ra'ayin mai wannan rubutu, wannan ya sa rukunin ya fi na taraktoci masu injina huɗu da biyar daɗin kallo ga wanda ya san abin: a can kuɗi da ƙarfi sun fi yin magana, a nan kuwa kusan kowa injinsa ɗaya da na ɗan'uwansa.

Dokokin tsaro sun taru ne sannu a hankali. Ana naɗe na'urar cusa iska da mazaunin kuloci da kariya don kada ɓaraguzai su tashi cikin jama'a idan wani abu ya fashe. A bayan motar akwai sandunan da ke hana ta kifewa ta baya. Akwai kuma wata waya da ke haɗa tirela da makunnin inji, ta yadda idan sarƙa ta tsinke motar za ta mutu nan take. Direba yana sa hular kwano da rigar da wuta ba ta ci.

Filaye da ƙungiyoyi

Gasar Bowling Green, da ake yi a watan Agusta, ita ce mafi girma a fili buɗaɗɗe. Ta Louisville ana yin ta a watan Fabrairu a zauren Freedom Hall, tare da baje kolin injinan noma na ƙasa, kuma sai wanda aka gayyata ke shiga. Garin Tomah na jihar Wiskonsin da Chapel Hill na Tenesi su ma suna da tsofaffin taruka. Ban da NTPA akwai Pro Pulling League da ƙungiyar Outlaw, wadda ta fi ƙarfi a jihohin yammacin kogin Misisipi.

Wasan ya ƙetara Turai a 1977, inda aka nuna shi a ƙasar Holan, daga nan ya shiga Jamus da Denmak da sauransu. Filin Turai mita 100 ne, kuma su ma suna da rukunin masu ja da tayoyin baya.

A ƙananan bukukuwan gundumomi har yanzu ana barin mutum ya shigo da motar da yake zuwa aiki da ita. A wannan mataki masu injin dizal ne suka mamaye fili, tun bayan da Dodge ta fara sa injin Cummins a 1989, Ford ta biyo da Power Stroke, General Motors kuma da Duramax, kuma galibinsu masu ja da tayoyi huɗu ne. Mai a-kori-kurar da ke ja da baya kaɗai, idan aka haɗa shi aji ɗaya da su, ya shiga da rauni, domin motar kasuwa injinta a gaba yake, bayanta fayau. Wasu masu shirya gasa kan ware masa ajinsa, wasu kan yi masa rangwame a tsayin ƙugiya ko a nauyi. Abin da ya fi yawan karyewa a irin waɗannan motoci shi ne sandar da ke kai juyi ga tayoyin baya da haƙoran giyar da ke tsakaninsu, musamman idan motar ta fara tsalle direba bai ɗaga ƙafa daga totur ba. Shi ya sa masu shiga a kai a kai ke toshe sifirin ɗin baya don kada ya lotsa, su ɗaura sandunan da ke riƙe tayoyin a wuri ɗaya, su kuma zo da wata tirela ta ɗaukar kaya da za ta mayar da motar gida.