Tarihin Lissafin Ɗaurin Haidirojin Tsakanin Ƙwayoyin Ruwa

Ɗaurin haidirojin wani ɗan jan juna ne da ke faruwa idan zarrar haidirojin da ke manne da oksijin, naitirojin ko fulorin ta jingina da wata zarra mai yalwar ilektiron a ƙwayar da ke maƙwabtaka da ita. Shi ne dalilin da ya sa ruwa ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 100, alhali haidirojin salfaid, da ya fi shi nauyi, yakan tafasa tun a wajen digiri 60 ƙasa da sifiri.

Moore da Winmill ne suka fara nuni da shi a 1912. A 1920 Latimer da Rodebush na Berkeley a Amurka suka fito da shi fili, littafin Linus Pauling na 1939 kuma ya shigar da shi ajin kowane ɗalibin kemistiri. Sai dai gane abu daban, lissafa ƙarfinsa daban. Ka'idar kwantam ta Schrödinger, wadda ake yin lissafin da ita, tana nan tun 1926, amma dole aka jira kwamfuta.

A 1968 Keiji Morokuma da Lee Pedersen suka lissafa ƙwayoyin ruwa biyu daga tushen ka'idar kwantam, ba tare da jingina da wani awo ba. Zarra shida ne kacal da ilektiron 20, amma ƙarfin da suka samu ya zarce na gaskiya da yawa. Nan ne ainihin wahalar fannin. Ƙarfin ɗaurin ƙanƙani ne, kimanin kilojul 21 a kowane mol, kuma ana samunsa ne ta hanyar ɗebe wani ƙaton adadi daga wani ƙaton, tamkar mai neman nauyin allura ta auna buhu da ita, sannan ya auna babu ita.

Ga kuma matsalar aro. Ana siffanta ilektiron ɗin kowace ƙwaya da wasu 'yan ma'aunan lissafi masu iyaka. Da an kusanto da ƙwayoyin biyu, sai kowace ta ari na maƙwabciyarta ta cike giɓinta, ɗaurin ya fito kamar ya fi yadda yake ƙarfi. Boys da Bernardi suka kawo maganin a 1970: a lissafa kowace ƙwaya ita kaɗai, amma a bar mata ma'aunan maƙwabciyar a wurinsu. Wannan gyara bai kai sauran ayyukan fannin suna a wajen jama'a ba, amma kaɗan ne suka kai shi amfani.

A 1971 Morokuma ya rarraba ƙarfin gida-gida, aka ga jan lantarki ne ya fi rinjaye, tare da gudunmawar karkatar ilektiron da ƙaurarsu. A 1977 Dyke, Mack da Muenter suka auna tazarar da ke tsakanin oksijin ƙwayoyin ruwan biyu, suka samu angistirom 2.98. Hanyar lissafi mai suna CCSD(T) ta 1989 ta zama ma'aunin da ake gwada sauran da shi, har da hanyar yawan ilektiron da ta kawo wa Walter Kohn kyautar Nobel a 1998, wadda ya raba da John Pople.

Ƙwayoyin ba sa daina rawa ko a sanyi mafi tsanani, don haka ƙarfin da ake buƙata a raba su bai kai kilojul 21 ba. A 2011 ƙungiyar Hanna Reisler ta auna shi, ta samu kimanin kilojul 13, adadin da masu lissafi suka riga suka fitar.