Walƙiya a Cikin Ido da Tarihin Maganin Ido a Ƙasar Kankia da Kusada

Akwai wani haske da mutum kan gani a cikin idonsa alhali babu fitila a kusa, babu hadari a sama. Wani yakan ce walƙiya ce ke giftawa ta gefen idonsa, wani ya ce tartsatsi ne, wani kuma ya ce wuta-wuta yake gani in ya juya kai cikin duhu. Na kusa da shi ba ya ganin komai, kuma ko an buɗe idon an duba, farinsa fari ne, baƙinsa baƙi. Saboda haka ne wannan larura ta daɗe ba ta sami gurbi ba a sana'ar maganin ido ta ƙasar Katsina, domin sana'ar ta ginu ne a kan abin da mai magani zai iya gani da nasa idon.

Kankia tana kan babbar hanyar Katsina zuwa Kano, kimanin kilomita 60 daga birnin Katsina, Kusada kuwa tana gabas da ita, dab da iyakar jihar Kano. Tun kafin zuwan mota fatake ke ratsa wannan yanki. Bajamushen matafiyin nan Heinrich Barth ya bi ta Kusada a farkon shekarar 1851 a hanyarsa daga Katsina zuwa Kano. Hanyar da ta kawo gishiri da kanwa da goro ita ce ta kawo kwalli, ita ce kuma ta kawo masu magani 'yan yawo waɗanda ke sauka ranar kasuwa, su yi kwana biyu ko uku, su ƙara gaba.

Bahaushe ya san cututtukan ido da sunayensu tun da daɗewa. Ya san yana, wadda ke rufe ganin tsofaffi a hankali har baƙin ido ya koma fari. Ya san hakiya, farin tabon da agana ko ƙyanda ko tsinken dawa kan bari. Ya san dundumi, da ciwon da ke lanƙwasa gashin ido ya riƙa sukar ƙwayar. Kowace daga cikinsu tana da alama a fili, kuma kowace tana da mai ita. Masu sassaƙe da 'yar mai ganye suna da ruwan ganye na ɗigawa da hayaƙi na turarawa, malamai suna da rubutu da tofi, wanzami yana da ƙaho da tsaga. Mata suna rambaɗa wa jarirai kwalli da nufin ƙara wa ido lafiya, ko da yake daga baya an gano cewa yawancin kwallin dutse yana ɗauke da dalma mai cutar da yara. Wasu magungunan sun dace da gaskiya. Hantar da ake ba mai dundumi tana cike da bitamin A, wanda rashinsa ne ke kawo cutar. Ilimin bai tsaya a baki kaɗai ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya yi rubuce-rubuce kan magani da Larabci, har da na maganin ido, yana ɗebowa daga littattafan likitocin Musulunci na da. Wanda duk waɗannan suka gaza a kansa, sai ya shiga jama'ar makafi ƙarƙashin sarkin makafi, da sandarsa da ɗan jagoransa.

Babban gwani a wannan sana'a shi ne mai kwantar da yana. Aikinsa tsoho ne ƙwarai, an san shi a Indiya da ƙasashen Larabawa fiye da shekara dubu da suka wuce. Yakan zaunar da mai yana, a riƙe masa kai, ya soka wani siririn tsinke na ƙarfe ko ƙaya ta gefen ido, ya tura madubin idon da ya dushe har ya tsinke daga maƙalinsa ya faɗa can ciki. Nan take haske ya shiga. Tsohon da ya shekara bai ga fuskar jikansa ba sai ya ƙirga yatsu a gaban jama'a, a yi ta kabbara, a biya mai magani da kuɗi ko hatsi ko akuya. Ba abin mamaki ba ne da mutane suka yarda da shi, domin sun ga aikinsa da idonsu. Abin da ba su haɗa da shi ba shi ne abin da kan biyo baya bayan mai maganin ya yi nisa: kumburi, da ruɓewar ido, da hawan jinin ido, da kuma walƙiya da ɗige-ɗige waɗanda duhu ke bi. Tun wajen shekara ta 1000 wani likitan ido ɗan Mosul mai suna Ammar ya ƙera allura mai rami don zuƙe yana a fitar da ita waje, a 1747 kuma Jacques Daviel na Faransa ya fara ciro madubin gaba ɗaya. Amma tsohuwar hanyar ce ta zauna a karkarar ƙasar Hausa.

Ita walƙiyar ido, tun da ba ta da tabo ba ta da kwantsa, sai aka mayar da ita wani fanni. A ce gajiya ce ko yunwa, a ce jini ne ya hau kai a kira wanzami, ko a ce iskoki ne ko sammu a nemi malami ko boka. Bai kamata a ga wautar mutanen da ba a kan haka. Likitocin Turai ma ba su da hanyar leƙa bayan idon mai rai sai a 1851, shekarar da Barth ya ratsa Kusada, lokacin da Hermann von Helmholtz ya fito da madubin duba cikin ido a Jamus.

Da wannan madubi ne aka gane tushen abin. Bangon ido na baya yana shimfiɗe da wani tantani siriri, tantanin gani, wanda ke karɓar haske ya aika saƙo ƙwaƙwalwa. Wannan tantani ba ya jin zafi. Duk abin da ya taɓa shi, ja ne ko duka ko matsi, da haske yake ba da labarinsa, shi ya sa wanda aka kwaɗa wa mari yake ganin wuta. Cikin ido kuma cike yake da wani ruwa mai kauri da yauƙi wanda ke manne da tantanin. Idan shekaru suka ja, galibi bayan 50, ruwan kan tsinke ya janye jikinsa, kuma a wajen janyewar yakan fizgi tantanin. Fizgar ita ce walƙiyar, gajeriya, a gefen ido ɗaya, ta fi fitowa cikin duhu. Likitan Ingila Robert Foster Moore ya bayyana ta a 1935. Ga mafi yawan mutane abin kan lafa cikin 'yan makonni ba tare da ɓarna ba. Amma a cikin kimanin mutum 1 daga 10 da abin ya zo musu farat ɗaya, fizgar kan yaga tantanin. Ruwa ya bi ta yagar ya shiga bayansa, tantanin ya fara ɓanɓarowa kamar yaɓen da damina ta ratsa bayansa. Mai ciwon yakan ga ɗige-ɗige baƙaƙe sun yawaita a lokaci ɗaya, sa'an nan inuwa ta taso daga gefe tana cin gani. Jules Gonin na Lozan a ƙasar Suwizalan ne ya tabbatar cewa yagar ce asalin cutar, kuma toshe ta shi ne magani, duniya ta amince da hakan a 1929. Kafin nan, wanda tantaninsa ya ɓanɓaro kusan ya makance ke nan.

Waɗanda suka fi shiga haɗarin su ne masu gajeren gani sosai, da wanda aka taɓa yi wa aikin yana ko aka kwantar masa da ita, da wanda ya sami duka a ido, irin na ƙahon sa ko reshe ko haɗarin babur. Ciwon suga da ya daɗe da cutar sikila su ma kan haifar da sababbin jijiyoyi marasa ƙwari a kan tantanin, su zubar da jini ko su ja shi.

Wata walƙiyar kuma ba daga ido take ba. Mai ciwon ɓarin kai yakan ga wani zane mai karkace-karkace yana ƙyalli, ya faro ƙarami ya yi ta faɗi, a idanu biyu lokaci guda ko da an rufe su, ya ɗauki minti 5 zuwa 60, sa'an nan ciwon kan ya biyo ko ya ƙi biyowa. Likita Hubert Airy na Ingila ya zana nasa a 1870. Wannan daga ƙwaƙwalwa yake, kuma galibi ba ya makantarwa. Wanda ya miƙe tsaye da sauri cikin zafin bazara ko yana azumi yakan ga tartsatsi na 'yan daƙiƙu saboda jini ya ragu a kai. Wani nau'in farfaɗiya, da somin shanyewar ɓarin jiki, da wasu magunguna irin su digoxin na ciwon zuciya, duk suna iya kawo haske. Mafi muni a wannan yanki shi ne na mace mai tsohon ciki: walƙiya tare da ciwon kai da kumburin fuska da hannu alama ce ta hawan jinin da ke kaiwa ga jijjiga, kuma rai biyu ne a ciki.

Wannan ilimi ya iso ƙasar Katsina a hankali. A zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, aka sami asibiti a birni, En'e kuma ta riƙa buɗe ɗakunan shan magani a gundumomi, inda malamin asibiti ke ba da maganin ɗigawa da na shafawa. Asibitin ido na musamman sai a Kano, wanda 'yan mishan na SIM suka buɗe a 1943, ake kiransa asibitin ido na ECWA a yau. Shekaru da yawa can ne mutumin Kankia ko Kusada ke nufa in yana da kuɗin mota da ɗan rakiya. An kafa Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna bisa dokar 1979. Bayan ƙirƙiro jihar Katsina a 1987 aka sami cibiyar ido a birnin Katsina, Kankia kuma tana da babban asibiti da makarantar horar da ma'aikatan lafiya.

Duk da haka mai kwantar da yana bai rasa kasuwa ba. Binciken da Dakta Mansur Rabiu ya yi a karkarar jihar Katsina, wanda aka buga a 2001, ya nuna cewa cikin masu yana kashi 4 cikin 100 ne kawai suka sami aikin asibiti, kashi 18 kuwa an kwantar musu, kuma rashin kuɗi ne babban dalilin da mutane suka bayar. Binciken makanta na ƙasa baki ɗaya, daga 2005 zuwa 2007, ya gano cewa fiye da kashi 40 cikin 100 na idanun da aka yi wa wani aiki saboda yana kwantarwa aka yi musu, kuma kusan kashi 73 cikin 100 na idanun da aka kwantar ɗin sun makance. Talauci da nisan asibiti ne suka raya sana'ar, ba nagartar aikinta ba.

A yau aikin yana ya matso kusa, ana yin sa kyauta ko da rahusa a lokutan gangami. Bayan ido ne har yanzu yake da nisa. Ba a gane yaga sai an ɗiga maganin buɗe ƙwayar ido an leƙa da na'ura, aikin mayar da tantanin da ya ɓanɓaro kuwa sai manyan cibiyoyi irin ta Kaduna. Yagar da aka kama da wuri ana ɗinke ta da hasken leza cikin mintoci, ba tare da an kwantar da mutum ba. In aka bari ɓanɓarowar ta kai tsakiyar gani, ko an yi tiyata ba kasafai ganin ke komawa yadda yake ba. Don haka wanda ya ga sabuwar walƙiya a ido ɗaya, musamman in ta zo da ɗige-ɗige ko inuwa, ya kamata likitan ido ya duba shi cikin kwana ɗaya, mai ciki kuwa a kai ta asibiti a auna jininta a take.